Jirgin Tarihi a Kan Teburin Gida: Shawarwari Ga Masu Son Ƙera Samfuri

Duk gidan da yaro ya taɓa fere kara ya haɗa mota, ko ya lanƙwasa langa-langa ya yi tirela, akwai hannun da zai iya wannan aiki. Abin da zai ƙaru a kai shi ne awo. Motar kara babu mai tambayar wace iri ce. Samfuri kuwa kwaikwayon wani jirgi ne takamaimai, ko wata motar soja da ta taɓa taka ƙasa, wanda aka rage girmansa bisa lissafi, har wanda ya san asalin ya duba ya ce lalle shi ne.

Aikin ya daɗe a duniya. A shekarar 1920 masu tonon kayan tarihi sun buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, babban jami'i a fadar sarkin Masar, kusa da Luksor, suka tarar da ƙananan jiragen katako da aka sassaƙa kusan shekara dubu huɗu da suka wuce. A ƙarni na 17 da na 18 maƙeran Ingila sun riƙa yi wa hukumar jiragen yaƙinsu samfura, yawanci a ma'aunin 1/48. Talaka bai samu shiga sosai ba sai da roba ta zo. A shekarun 1950 kamfanin Airfix ya fitar da ɗan jirgin Golden Hind, wanda Francis Drake ya kewaya duniya da shi tsakanin 1577 da 1580, a matsayin guntayen roba masu araha da mutum zai haɗa da kansa. Ga abin da nake ganin ya kamata gida ya sani kafin ya sa hannu.

1. Ku fara da wanda za ku iya gamawa. Hoton da ke bayan kwali yana da ruɗi, kuma ido ya fi sauka a kan jirgi mafi girma. Samfurin HMS Victory na kamfanin Heller, a ma'aunin 1/100, ya zarce mita ɗaya a tsawo, guntayensa sun haura dubu biyu, kuma ƙwararru ma sukan shafe watanni masu yawa a kansa. Wanda ya fara da irinsa, galibi a ƙarƙashin gado jirgin yake ƙarewa, rabi a haɗe rabi a warwatse, yaron da aka saya dominsa kuma ya yanke cewa shi ba zai iya ba. Wannan asarar ta fi ta kuɗin. Motar jif ta sojan Amurka ko tankar Sherman ta isa aikin farko. A ɓangaren ruwa, ku nemi jirgi mai jigo ɗaya, kamar jiragen Larabawa da na Waswahili da har yau ake ƙerawa a Sur ta ƙasar Oman da tsibirin Lamu. Zanen iskarsu, wato filafilai, ɗaya ne ko biyu mai kusurwa uku, igiyoyinsu kaɗan.

2. Ku fahimci ma'auni, ku koya wa yara lissafinsa. Idan an rubuta 1/35 a kwali, ana nufin kowace santimita ɗaya a samfurin tana madadin santimita 35 a jikin asalin. Tankar Sherman tana da tsawon kusan mita shida, saboda haka samfurinta zai kai kimanin santimita 17. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987, wanda ya kai shekara dubu takwas, tsawonsa mita 8.4 ne. A raba 840 gida 35, an samu santimita 24. Ga aikin sassaƙa na farko ga yaro, daga guntun katako guda, ba tare da an sayi komai ba.

Ma'aunin 1/35 ya zama na motocin soja ne ta hannun kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan. A 1961 sun yi tankar Panther mai tafiya da batir, suka yi girmanta daidai yadda batir da ɗan inji za su shige, da aka auna sai ta faɗa a 1/35, sauran kamfanoni suka bi. Akwai kuma 1/72 ga mai ƙaramin wuri. Jiragen ruwa sukan zo a 1/96 ko 1/100 ko 1/200. Ku tsaya a kan ma'auni guda ga kowane rukuni, domin idan aka jera jif kusa da tanka, ido ya ga ainihin yadda ɗaya ta fi ɗaya. Kuma ku auna kantar da za a ɗora jirgi kafin ku saye shi: Cutty Sark na Revell a 1/96 ya kai kimanin santimita 90.

3. Kayan aiki ba sai an yo odar su ba. Wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, abin yanke farce, samfefa mai laushi, matsefata, filaya ƙarama, rula ta ƙarfe, allura, fil, maƙalen shanya, robar ɗaure kuɗi, da buroshi biyu, siriri da mai faɗi. Ku ƙara da katako shimfiɗaɗɗe na yanka a kai, don teburin uwargida ya tsira. Wuƙa dakusasshiya ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta, in ta zame kuma a yatsa take sauka.

4. Ku ware wa aikin wuri, ku kiyaye lafiya. Babban faranti ko murfin kwali mai baki ya isa: a yi aiki a cikinsa, in an tashi a ɗauke shi gaba ɗaya a ɗora inda ƙananan yara ba sa kaiwa. Wasu guntayen ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kuma mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Gam ɗin roba da tina da fentin mai suna da tururin da ke sa ciwon kai, suna kuma kama wuta, don haka a yi amfani da su a baranda ko kusa da taga a buɗe, nesa da murhu da risho. Yanka kullum a tura wuƙa gaba, nesa da jiki. Idan sufagulu ya manne yatsu kada a fizge, a jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulu a riƙa murzawa a hankali. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Kada kuma a goge sufagulu da auduga ko tsumman auduga, domin haɗuwarsu tana haifar da zafi mai iya ƙona fata. Aikin igiya da fenti ya fi kyau da hasken rana.

5. Ku gwada kafin ku sa gam. Da farko a wanke guntayen roba da ruwan sabulu, saboda akwai ɗan maiƙo da suke fitowa da shi daga masana'anta wanda ke hana fenti kamawa. Kada a murɗe guntu daga reshensa, a yanke shi, a goge wurin da samfefa. Kada kuma a cire shi sai lokacinsa ya zo, domin lambarsa a jikin reshen take, da ya rabu da ita ya zama baƙo. Sannan a haɗa guntayen biyu a bushe a ga sun zauna.

Gam iri uku ne, kowanne da aikinsa. Na roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, shi ya sa ɗigo kaɗan a bakin allura ya isa, in ya yi yawa ya ci jikin samfurin, in yatsa ya taɓa wurin kuma shatinsa ya zauna har abada. Farin gam ɗin kafintoci shi ne na katako da takarda da zare, shi ne kuma na gilashin mota, domin yana bushewa garau. Sufagulu na ƙarfe ne, kuma tururinsa yana sa gilashin roba ya yi hazo.

6. Idan jirgin na katako ne, gangar jiki ita ce jarrabawa. Yawancin irin waɗannan ana kafa ƙashin baya ne a tsaye, a jera masa haƙarƙari a gicciye, sannan a lulluɓe da siraran katakai ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda aka yi na asalin. Ku matse ƙashin bayan a kan katako miƙaƙƙe tun farko, ku tabbata kowane haƙarƙari ya tsaya cak. Karkatar da ba ta kai kaurin farce ba a nan, ita ce za ta zama murɗaɗɗen jirgi a ƙarshe.

Kafin a sa katako ko ɗaya, sai a goge gefunan haƙarƙarin su bi lanƙwasar jirgin. Mutane da yawa sukan tsallake wannan don yana da gajiya, kuma shi ne mafi muhimmanci. Ana gwadawa da siririn katako: a kwantar da shi a kan haƙarƙari uku ko huɗu, in ya kwanta lumui a kan kowanne, an samu, in ya tsaya a kan kaifin gefe kawai, da saura. Katakon da za a lanƙwasa a jiƙa shi cikin ruwan zafi, a lanƙwasa shi a jikin kwalba ko gwangwani, a ɗaure, a bar shi ya bushe a haka kafin a manna. In aka manna shi a jiƙe, zai tsuke bayan ya bushe ya bar tsaga. Tsakiyar jirgi ta fi goshinsa faɗi, amma yawan katakan ɗaya ne, saboda haka dole kowanne a fiƙe shi ya sirance wajen goshi. A auna tsawon gefen kowane haƙarƙari da tsirin takarda, a raba da yawan katakan, an samu faɗin da ake bukata a wurin. Kuma in an sa ɗaya a dama, a sa ɗan'uwansa a hagu kafin a ci gaba, domin gam yana ja idan yana bushewa.

Wani abin da ya kamata mu sani: daga cikin katakan da kamfanonin Turai ke sawa a kwalayen nan akwai sapele, jan katakon da ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, da obece, farin katako mara nauyi na dazukan Afirka ta Yamma. Kafin ku nemi na waje, ku leƙa wurin kafintan unguwa ku roƙi ragowar yanka.

7. Igiyoyi su ne ke tsorata mutane, alhali tsari kawai suke bukata. HMS Victory, jirgin da Nelson, hafsan jiragen yaƙin Birtaniya, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, a lokacin yana ɗauke da igiyoyin da in an miƙe su za su kai kimanin kilomita 40. Amma duk yawansu kashi biyu ne. Akwai na tsaye masu riƙe jigo kada ya faɗi, waɗanda ake shafe su da kwalta saboda ruwan gishiri, don haka baƙin zare ko mai duhun ƙasa ake sa musu. Akwai masu motsi da ake ja a ɗaga filafilai ko a juya su, su kuwa ba a shafa musu kwalta sosai, launinsu na igiyar rama ne. Wanda ya yi duka da farin zare guda ya ɓata aikin watanni.

Na tsaye ake fara ɗaurawa. A fara daga ƙasa a hau sama, daga tsakiyar jirgi a fito gefe, don kada hannu ya koma ratsa abin da aka riga aka gama. Kaurin zare ma yana bin ma'auni: igiya mai kaurin santimita biyar, a 1/100 rabin milimita ce. Ku tanadi zare kauri uku ko huɗu, mai kauri a ƙasa, siriri a can ƙololuwa. A ja kowane zare ta cikin kakin zuma kafin a ɗaura, yana kwantar da gashinsa, ƙura ba ta samun wurin maƙalewa. A kan kowane ƙulli a ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa, sai ya bushe a yanke saura.

Ga abin da takardar cikin kwali ba za ta gaya muku ba, don ba a ƙasarmu aka rubuta ta ba. Zaren auduga yana tsukewa da danshi, yana saki da bushewa. In kun ɗaure shi tamau a tsakiyar hunturu, damina na zuwa zai ƙara ja, siririn jigon roba ya lanƙwashe. Ku ja shi daidai yadda zai miƙe kawai, ko ku yi amfani da zaren roba na teloli wanda bai cika damuwa da yanayi ba.

8. Filafilai ba dole ba ne. Kusan kowane yadi ya yi kauri a wannan ma'auni, ɗinkin keke kuma yana fitowa ƙato. Jirgin da ke tsaye a tasha ba a baza masa filafilai, kuma haka igiyoyin suka fi fitowa. In kuna so, ku nemi yadi mafi sirantaka, ku rina shi da ruwan shayi ya bar fari fat, ku naɗe shi a jikin sanda.

9. Launi a tarihi ake nemansa, kada a bar shi ga son rai. An daɗe ana shafa wa Victory baƙi da rawaya mai kauri, sai masu bincike suka bi tsoffin fentin jikinsa bene-bene suka gano cewa a lokacin Trafalgar launin ya fi kusa da ruwan hoda mai haske, aka kuma sake masa fenti a Portsmouth a 2015. Jirgin Vasa na Suwidin, wanda ya kife a tashar Stockholm ranar tafiyarsa ta farko a 1628 saboda nauyin samansa ya rinjayi na ƙasa, an ciro shi a 1961 da katako mai duhu. Ragowar fentin da aka samu a jikinsa ya nuna cewa ja ne aka fi shafa masa, da ado kala-kala, kuma akwai samfurinsa na 1/10 a gidan tarihinsa da ke nuna haka. Tankokin Jamus toka-toka mai duhu ne a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, daga Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu. Saboda haka ku zaɓi mota guda a shekara guda a fage guda, ku nemi hotonta. Tiger 131, wadda sojan Birtaniya suka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, tana gidan tarihin tankoki na Bovington, hotunanta ta kowace kusurwa suna intanet.

Wajen shafawa, a tsinka fentin, a yi shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Shafi guda mai kauri yana binne ƙusoshi da layukan da aka sayi samfurin dominsu. Fentin ruwa ya fi dacewa da gida mai yara, sai dai da hunturu yana bushewa a bakin buroshi, don haka a riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Fentin mai a ba shi kwana guda. Da an gama shafi a kife kwali a kai saboda ƙura. Tambarin da ake jiƙawa a ruwa ya fi kwanciya a kan fenti mai sheƙi.

10. Tanka ba ta fita fage ta dawo fes, amma kada a wuce gona da iri. Baƙin fenti ko ruwan ƙasa da aka tsinka sosai, in aka ɗiga a lunguna, yana fito da zurfin kowane layi. Bakin fensir da aka goga a kaifin ƙarfe da haƙoran sarƙa yana ba da ƙyallin ƙarfen da ya sha gugar ƙafa. Garin alli mai launin ƙasa yana zama ƙura a ƙasan mota da tayoyi. Ku tambayi kanku inda motar ta yi aiki: yashin hamadar Libiya daban, taɓon Rasha daban. Kuma ku san abin da aka ƙera ta da shi. Motar ɗaukar soja ta M113 da alminiyom aka yi jikinta, ba ta yin jan tsatsa, roba ma ba ta yi.

11. Ku raba aikin, ku ba yara labarin da gaskiya. Ƙaramin yaro zai iya nemo guntu da lambarsa, ya goga samfefa, ya riƙe maƙale. Wanda ya tasa ya yi gam da fenti, wuƙa tana hannun babba. 'Yan mata da suka saba da zare da allura sukan fi kowa iya igiyoyi, kada a bar su a gefe. In yaro ya manna wani abu a karkace, a bar masa, na gaba zai fi.

Ni dai ban yarda a miƙa wa yaro tanka a matsayin abin ado kawai ba. An ƙera ta ne don kisa, kuma mutane sun ƙone a cikinta. A gaya masa haka. A gaya masa cewa kakanninmu da yawa sun yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, wasu ba su dawo ba. Motoci masu sulke irin Ferret da Saladin sun yi aiki a yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, kuma gidan tarihin yaƙi na Umuahia yana ajiye da kayan wancan lokaci. Haka jirgin ruwa: Cutty Sark da aka ƙera a 1869 ganyen shayi ya ɗauko daga Sin, daga baya ulu daga Ostareliya, amma wasu jirage masu filafilai na ƙarnonin da suka gabace shi 'yan Afirka suka ɗauka a ɗaure. Gidan da ba ya ajiye siffar mutum yana iya barin sojojin roba a cikin kwali, motar ta cika ba tare da su ba.

12. Tsadar kwalin waje kada ta hana ku. Fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a Ingila zamanin Napoleon, a wurare irin Norman Cross da Dartmoor, da ƙasusuwan naman da ake ba su suka riƙa sassaƙa jirage suna sayarwa, kuma yau gidajen tarihi ne ke alfahari da su. A Poland mujallar Mały Modelarz a 1957 ta fara buga samfuran takarda da ake yankawa a manna. Kwalin magani, tsinken tsire, sandar ashana, wayar tagulla daga tsohuwar waya, gwangwanin madara, duk kayan aiki ne. Abin da ba a yi sai da shi shi ne zane mai awo, wanda ke nuna abin daga gefe da sama da gaba. A buga shi a takarda daidai girman da ake so, a riƙa ɗora kowane guntu a kansa ana gwadawa.

13. Ku shirya masa mazauni tun bai ƙare ba. Jirgi mai igiyoyi ba ya goguwa da tsumma, kuma hunturu guda ya isa ya lulluɓe shi. Mai yankan gilashi zai iya haɗa muku akwati, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu ta kowane gefe. A ɗaure jirgin a gindinsa da sukurori biyu ta cikin ƙashin baya, ramukan kuwa a huda su tun kafin a lulluɓe gangar jiki. Kada a ajiye shi inda rana ke bugawa ko cikin mota a rufe, zafi yana lanƙwasa roba yana kuma kashe launi. Na katako a nisanta shi da bangon da ke jiƙa da inda gara ke bi. In ƙura ta shiga, a kaɗe da busasshen buroshi mai laushi. A manna 'yar takarda a gindi mai ɗauke da sunan jirgin, shekarar da aka ƙera asalinsa, ma'auni, da sunan wanda ya haɗa. Ragowar zare da fenti da guntayen da suka saura kuma a zuba su a ambulan a ajiye ƙarƙashin akwatin, domin ranar da wata igiya ta tsinke, irinta za a nema.